Ƙasar da suka shiga tana da masu ita

Na karanta wannan labari naku kan yadda Amurkawa suka faɗaɗa ƙasarsu zuwa yamma, kun yabi jarumtar masu ƙaura da keken doki, amma ba ku ce komai kan mutanen da suka tarar a can ba. Gaskiya ne a 1803 Amurka ta sayi yankin Luwiziyana daga Faransa kan dala miliyan 15, sai dai ba wanda ya tambayi ƙabilun da ke zaune a cikinsa. A 1830 Shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar tayar da 'yan asalin ƙasar. Kotun ƙoli ta goyi bayan ƙabilar Cheroki a 1832, duk da haka a 1838 sojoji suka kore su daga gonakinsu zuwa yankin da yau ake kira Oklahoma, dubbai suka mutu a hanya saboda sanyi da cuta da yunwa. Kalifoniya kuwa da yaƙi aka ƙwace ta daga Meziko a 1848. Don Allah ku rubuta kashi na biyu daga ɓangaren waɗanda aka kora.