Gyaɗa Kai Ba Ganewa Ba Ne

'Yan uwana matasa masu aiki a masana'antu, wuraren gini da ɗakunan ajiyar kaya, inda kowa da harshensa da irin tarbiyyarsa, ku daina yarda da "eh" ɗin da ake ba ku bayan kun ce "ka gane?"

Na taɓa yi wa wani sabon ma'aikaci bayanin yadda ake kashe inji kafin a sa hannu a cikinsa. Harshenmu ba ɗaya ba, amma yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Har na juya zan tafi, sai zuciyata ta ce in dawo. Na ce ya nuna mini. Wallahi, makunnin fitila ya nufa kai tsaye. Ba wawa ba ne, kunya ce ta hana shi cewa bai fahimta ba, domin a inda ya taso, sa babba ya maimaita magana rashin ladabi ne. Tun ranar, duk wanda na ba umarni sai ya faɗa mini da bakinsa ko ya gwada a gabana.

Kada ku ɗauka matsalar ƙananan ma'aikata ce kawai. A ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na Sifaniya, mutum 583 suka mutu. Hazo ya rufe ko'ina, kuma matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi ke nan aka yi shiru. Bayan wannan masifa aka tsaurara kalmomin da matuƙa da masu ba jirage umarni daga hasumiyar filin jirgi ke amfani da su, har kalmar "tashi" ba a furta ta sai lokacin ba da izinin ko soke shi.

Saboda haka in kai ne ƙarami kuma ka hango haɗari, ɗaga murya, ko da oga ne a gabanka. In kai ne babba, kada ka tsawata wa wanda ya tsayar da aiki don ya yi tambaya, in ba haka ba gobe zai gani ya yi gum.

Karin magana da habaici kuma a ajiye su sai lokacin hira. A bakin inji, gajeriyar magana ɗaya ta isa, a haɗa da nuni da hannu. Ku zagaya da baƙo ku nuna masa launukan alamomin bango: ja hani, rawaya gargaɗi, shuɗi abin da dole a yi, kore hanyar tsira. Sannan ku tsaya a gaban makunnin kashe inji na gaggawa, ku ce ya ɗora hannunsa a kai.