Basarwa Daban, Waskewa Daban

ALHAJI: Salamu alaikum. Malam, na zo ne kan maganar kuɗin nan.

MALAM: Wa'alaikumus salam! Kai, Alhaji, wannan hula fa? Ina ka samo ta?

ALHAJI: Ita ce ka yaba wancan zuwan. Kada ka waske mini yau.

MALAM: (ya gyara zaman tabarau, wanda ba na ciwon ido ba ne, na kwarjini ne) Subhanallahi. Bashi kam ban musa ba. Amma "waske"? Haba Alhaji. Mai waskewa shi ne wanda aka ritsa, ya nuna kamar ba shi ba. Abin da na yi da hularka sunansa karkatar da akalar zance. Ka san akala?

ALHAJI: Malam, kuɗina.

MALAM: Igiyar da ake jan raƙumi da ita. Ka ga kenan zance raƙumi ne, inda ka ja shi nan zai bi.

ALHAJI: To jawo shi ya durƙusa a kan kuɗina.

(Malam ya ɗaga kai yana kallon silin kamar an rubuta wani abu a jiki.)

ALHAJI: Ka gani ko? Ka shashantar da maganar!

MALAM: A'a! Wannan basarwa ce. Ka ji magana, ka yi kamar da bango ake. Shashantarwa ai ta fi ƙarfin talaka irina. Sai manya. A yi ɓarna, jama'a su yi caa, a kafa kwamiti. Kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti. Kafin rahoto ya fito an jefo wata sabuwar rigima, kowa ya koma can. Ni ina na ga kuɗin zaman kwamiti?

ALHAJI: Wallahi yawo kake mini da hankali.

MALAM: Yawwa, ka kusa. Sai dai a duba, yawo ne ko wasa? Mai yawo da hankali yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Mai wasa da hankali kuwa yana zaune a gabanka yake juya ka. Ka duba ƙamus ɗin Bargery na 1934, da yana kusa da na buɗe maka.

ALHAJI: Ina yake?

MALAM: Wani ya ara bai dawo da shi ba. Mutane ba su da amana, Alhaji.

(Alhaji ya yi salati sau biyu.)

ALHAJI: Ni za ka yi wa kame-kame?

MALAM: (ya miƙe, murya ta hau sama) Kame-kame? Ni? Ka ji na yi inda-inda? Ka ji harshena ya sarƙe? Shekara talatin ina koyar da Hausa, a cikin gidana za a ce na yi kame-kame!

ALHAJI: To wannan hargagin kuma borin kunya ne. An bar jaki ana dukan taiki.

MALAM: (ya koma ya zauna a hankali) Alhaji... sake faɗa.

ALHAJI: Borin kunya.

MALAM: Tabarakallah! Daidai wa daida. Ɗalibaina ɗari ba mai kawo ta a gurbinta haka. Ashe kai masani ne kake ɓoyewa?

ALHAJI: (ya ɗan shafa gemu) To, ai mun ɗan taɓa karatu. Lokacin da muke aji huɗu ni nake zuwa na ɗaya a karin magana.

MALAM: Ai da gani! Ba ni labari.

(Ya ba shi. Awa guda cur. Malam ya rako shi har ƙofa, suka rabu ana "sai an jima, masani". Sai da Alhaji ya sha kwana ya tsaya cak, ya dafe hular nan da aka yaba, ya juyo da sauri.)

ALHAJI: Kai yaro, ina Malam?

YARO: Ya ce a ce ba ya nan.

ALHAJI: Lallai! Mutumin nan ya sake waske mini!

MURYA DAGA CIKI: Zillewa dai, Alhaji! Wannan zillewa ce!