NASIHA: Azumi ya wuce amma yunwa tana nan a unguwa

Assalamu alaikum warahmatullah 'yan uwa, dan Allah ku ɗan yi haƙuri ku karanta wannan har ƙarshe, magana ce a kan ciyarwa, kuma da kaina nake farawa kafin kowa.

Mu dai alhamdulillah in azumi ya zo ba a barinmu a baya, kowane masallaci tukunya a kan wuta, kunu da ƙosai da dabino, masu kuɗi suna fito da shinkafa da gero, gwamnatoci su buɗe cibiyoyin ciyarwa, har abinci ya yi yawa a wani wajen a zubar. Allah Ya saka wa kowa da alheri, ba raina wannan nake ba wallahi. Amma ranar da aka ga watan Shawwal shikenan sai a kife tukwane a mayar da su sito sai baɗi, kamar shi wanda ake ciyarwan cikinsa ma ya tafi hutu sai wata shekarar. Alhali duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san lokacin da yunwa take cizo da gaske tsakiyar damina ne, Yuli zuwa Agusta, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba, farashi ya kai ƙololuwa a kasuwa, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara, ɗan abin da ke hannu ya tafi kemis. A lokacin ne uwa take ɗora tukunya da ruwa zalla tana ta iza wuta don yara su sa rai har barci ya kwashe su, kuma a lokacin ne babu ko tukunya ɗaya ta sadaka a ƙofar masallacinmu.

Allah Maɗaukakin Sarki da Ya zo maganar ciyarwa a Suratul Balad bai ce a watan kaza ba, cewa Ya yi ko ciyarwa a ranar da ake cikin yunwa, ga maraya ɗan uwa ko miskinin da ya rasa komai har ya manne da ƙasa. Sannan ku duba Suratul Ma'un da yaranmu suke biyawa kullum a islamiyya, cikin siffofin mai ƙaryata ranar sakamako har da wanda ba ya kwaɗaitar da mutane ciyar da miskini. Kun ga kenan ko ba ka da ko sisi ba ka fita ba, bakinka da ƙafarka da wayarka duk ana binka bashinsu. A Suratul Muddassir kuma da aka tambayi 'yan wuta me ya shigar da ku Saƙar, bayan sun ce ba ma cikin masu sallah, abin da ya biyo baya nan take shi ne ba mu kasance muna ciyar da miskini ba. Subhanallah. Mu muna ta cika sahu muna ganin mun gama da Allah.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta juya, har ta kai mutane suka fito zanga-zangar yunwa a farkon Agusta 2024, kuma ko farashin wani abin ya ɗan sauko daga baya aljihun talaka bai dawo daidai ba. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda ba za su taɓa fitowa su roƙa ba, malamin firamare mai 'ya'ya bakwai, ɗan fansho da ya tsufa, matar da mijinta ya rasu tana cikin takaba, mai gadin da albashinsa ba ya kai rabin wata, za ka gan shi da wankakkiyar riga ya zo sallar asuba ku gaisa yana murmushi alhali jiya gidansa ba a ɗora komai ba. Su ne Allah Ya siffanta a Suratul Baƙara aya ta 273, wanda bai san halinsu ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai, ba sa nacin roƙon mutane. To irin waɗannan in ka ce a zo a yi layi a ƙofar gidanka wallahi ba za su zo ba ko za su mutu.

Kuma shi layin nan mun ga abin da yake haifarwa. A Maris 2024 a Bauchi mata da yara mata sun rasu a turmutsitsin karɓar zakka, a Disambar shekarar kuma cikin mako ɗaya aka yi na Ibadan inda yara 35 suka rasu, aka yi na Okija a Anambra da na Maitama a Abuja, duk wajen rabon abinci ko kuɗi. Mutum ya fito neman abin da zai kai wa iyalinsa a dawo da gawarsa. Masu rabon niyyarsu alheri ce, ba na shakka, amma alherin da ba tsari ga inda yake kaiwa. Balle kuma wannan sabuwar ɗabi'ar ta kyamara, a ba tsohuwa taliya biyu da kwano ɗaya na shinkafa a sa ta ɗaga sama a ɗauke ta hoto, a ce ta yi wa Alhaji addu'a a bidiyo, gobe jikokinta su gan ta a TikTok ana ta sharhi. Haba jama'a. Allah Ya ce kar ku ɓata sadakokinku da gori da cutarwa, ni ban san wace cutarwa ta wuce wannan ba. In hujjarka masu ba da kuɗi suna son shaida to ɗauki hoton buhunan da rasit ɗin kasuwa, ka bar wa baiwar Allah fuskarta.

Abin da nake kira gare shi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, wato ƙabilar su Abu Musa, ya ce su in guzurinsu ya ƙare a wajen yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina sai su tattara abin da ke wajensu a mayafi ɗaya su raba a tsakaninsu daidai da mudu ɗaya, ya ce su nawa ne ni nasu ne. Ku lura fa, ba attajirai ba ne suka tara wa talakawa, mutane ne da dukkansu abin ya yi musu kaɗan. Wannan hadisin ya rufe bakin duk mai cewa ai ni ma nema nake. Haka Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarr in ka dafa miya ka ƙara mata ruwa ka tuna da maƙwabtanka, ya kuma ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. A shekarar yunwa ta Ramada, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar da kansa ya tsaya a kan tukwanen ciyarwa a Madina, ya rubuta wa gwamnoni irin su Amru ɗan As su aiko da abinci, ya haramta wa kansa nama da man shanu har sai mutane sun samu.

Kakanninmu ma da suka sha yunwa irin ta Kakalaba a 1914 da farin 1973 sun san darajar rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai rana ta ɓaci. 'Yan uwanmu na Nijar, musamman wajen Maraɗi da Damagaram, sun daɗe da abin da suke kira bankin cimaka, ƙauye ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha a adana, in damina ta yi tsakiya a fito da shi a sayar da sauƙi ko a ba da rance. Da yawansu sun rushe, kuma abin da ya rusa su rashin biyan bashi ne da hannun 'yan kwamiti da ya yi tsawo, wannan ma darasi ne a gare mu tun kafin mu fara.

To me zai hana kowane masallacin unguwa ya samu ɗan ɗaki guda na abinci? Mu yi lissafi mai sauƙi, a ce unguwa tana da gida 200, kowane gida ya kawo kwano ɗaya na masara ko gero ko dawa ko wake a wata, buhu kuma kwano 40 ne, kun ga buhu 5 kenan duk wata ba tare da an je ƙofar wani ɗan siyasa ba. Wanda ya fi ƙarfi ya kawo buhu, mai shago ya kawo gishiri da magi da manja, mai Keke Napep ya ba da ɗauka kyauta, matashin da ya iya rubutu ya riƙe littafi, 'yan unguwa da suke Legas ko Abuja ko Saudiyya su turo ta akawun. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, in kuɗi ya taru da kaka ake shiga Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa a saya, Oktoba zuwa Disamba, ba sai an shiga Yuli farashi ya tashi a fara rarraba ido ba. A samu buhun nan mai leda a ciki don wake kar ƙwaro ya cinye, a ɗora buhuna a kan katako kar danshi ya taɓa su, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Kuma dan girman Allah kar a mayar da ɗakin juji, hatsin da ya yi ƙwari ko shinkafar da ta yi wari wadda kai ba za ka ba iyalinka ba, Allah Ya hana a Baƙara aya ta 267, Ya ce kar ku nufi mummuna ku ce shi za ku ciyar alhali ku kanku ba za ku karɓe shi ba sai kun runtse ido.

Manoma kuma ina tuna muku zakkar amfanin gona, don ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. In abin da ka noma ya kai nisabi, wato wasƙi 5, sa'i 300 kenan, kowane sa'i mudun Annabi 4, to na damina ɗaya cikin goma ne, na rani da ka sha wahalar ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin, kuma ba a jiran shekara ta zagayo, Allah cewa Ya yi ku ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Ka tambayi malamin garinku nawa ne nisabin a kwanon kasuwarku. Da buhu ɗaya cikin kowane goma da ake ɗaurewa a ƙasar Hausa yana isa hannun masu shi da abin bai kai haka ba. Sai dai in an kawo zakka ɗakin a ware ta daban a rubuta ta daban, ita tana da mutanenta takwas da Suratut Tauba ta lissafa, ba a biyan kuɗin hayar sito ko lemon taron kwamiti da ita. Ita kuma sadakar gama-gari ta wadaci kowa har maƙwabcin da ba musulmi ba, Abdullahi ɗan Amru in an yanka akuya a gidansa tambaya yake ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Masu ɓoye abinci a sito suna jiran ya yi tsada kuma, hadisin Muslim ya isar muku, babu mai ɓoye abinci sai mai laifi.

Inda abin yake lalacewa kullum wajen amana ne, shi ya sa mutane da yawa suka daina tura kuɗi in sun ga lambar akawun a Facebook, an sha cinye su. Don haka kar kuɗin jama'a ya shiga akawun mutum ɗaya komai tsawon gemunsa, a buɗe na masallaci mai sa hannun mutum uku, ɗakin a sa masa kwaɗo biyu makullan a hannun mutum biyu daban, duk ƙarshen wata bayan sallah a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bango. Sunayen masu karɓa kuwa sirri ne, liman da mai unguwa da mutum biyu ko uku kawai. Kuma lallai a sa mata dattijai a ciki, wallahi su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba, mu maza iyakarmu zaure. A kai wa mutum har gida bayan isha'i a buhun da ba rubutu, a sallama a ajiye a juyo, ba wa'azi ba tambayar wace jam'iyya yake ko Izala ne ko ɗariƙa ko wane gari ya fito. In an tarar da yaro ya rame ƙafa ta kumbura gashi ya yi ja, wannan ya wuce kwanon masara, tamowa ce, a taimaka wa uwar da kuɗin mota ta kai shi asibiti ranar.

Na san wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Eh aikinta ne, kuma duk shugaban da aka ba amanar talakawa ya bar su da yunwa zai yi bayani a gaban Allah, mu ci gaba da faɗa musu gaskiya. Amma a hadisin ƙudsi da Muslim ya ruwaito Allah zai ce ya ɗan Adam Na nemi ka ciyar da Ni ba ka ciyar da Ni ba, bawa ya ce ya Ubangiji ta yaya zan ciyar da Kai alhali Kai ne Ubangijin talikai, sai Ya ce bawaNa wane ya nemi abinci wajenka ka hana shi, da ka ba shi da ka tarar da ladan a wajeNa. Kai za a tambaya a ranar, da sunanka.

Dan Allah wanda ya karanta ya tura wa limamin unguwarsu da mai unguwa, a samu ko mutum biyar su zauna bayan sallar isha'i ta wannan Juma'ar a fara da littafi ɗaya da ɗakin da za a ara. Wassalamu alaikum.