Carley ko Doug? Shari'ar da Aka Yi Mini a Falona

Ƙanina ne ya jawo mini wannan rigima. Da zai koma makaranta sai ya bar mini na'urar gem ɗinsa PS4 ajiya, ya ce, "Yaya, ka huta da buga ƙwallo haka nan, kullum kashi kake sha. Ga gem mai labari, kai za ka riƙa zaɓar abin da zai faru." Ni da ko kalar labulen ɗakina ba ni na zaɓa ba, jin an ce zaɓi yana hannuna sai na gyara zama.

The Walking Dead ne, na kamfanin Telltale, wanda ya fito a 2012 kashi biyar. Kai ne Lee Everett, malamin tarihi a wata jami'a a jihar Jojiya ta Amurka. Ana hanyar kai ka gidan yari a motar 'yan sanda sai duniya ta hargitse, matattu suka tashi suna cin masu rai. Ka tsinci wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Clementine, riƙonta ya dawo wuyanka. Harbi kaɗan ne, magana ce ta fi yawa. A jera maka amsoshi, wani farin layi yana ta ƙanƙancewa a ƙasan allo, in ka tsaya dogon nazari lokaci ya ƙare, a ɗauka shiru ka yi. In kuma ka faɗi wata magana mai nauyi, sai rubutu ya fito a sama cewa wane zai tuna da wannan. Rubutun nan ya tsorata ni ƙwarai, har na koma lallashin mutanen da babu su a duniya.

Uwargida da farko ko kallo ba ta yi, tana gefe tana tsince shinkafa. Amma kafin mu isa wani kemis na garin Macon inda su Lee suka ɓuya, na lura farantin ya daɗe a ajiye.

A nan aka yi ta. Matattu suka ɓalle ƙofa. Ta nan sun damƙi Doug ta taga, wani bawan Allah masanin kwamfuta. Ta can harsashin wata mata mai suna Carley ya ƙare, an riƙe mata ƙafa, tana miƙa hannu a ba ta jakarta. Mutum ɗaya kawai za ka iya ceta. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi, na danna wajen Carley, aka ja Doug waje yana ihu.

Falo ya yi tsit.

"Maigida," in ji uwargida, "me ya sa ita?"

Na ce 'yar jarida ce, kuma ta iya harbi, a irin wannan zamani ai mai bindiga ake riƙewa.

"Ta iya harbi. To. Shi wancan da ya gyara rimot ya kunna talabijin ɗin tsallaken titi, matattun suka tafi kallo har ka samu ka fita, bai yi maka komai ba ke nan? Ita kuwa ko batir ba ta iya sa wa rediyo ba, a juye ta sa shi. Ina kallo."

Ashe duk tana kallo. Da kashin farko ya ƙare aka nuna alƙaluman abin da sauran 'yan wasa suka zaɓa, na ga mafi yawa Carley suka ceta. Na nuna mata allo cikin murna, na ce ga jama'a nan a bayana. Ta ce, "Ai na san ku da yawa ne." Ta ɗauki farantinta ta shige kicin.

A kashi na biyu yunwa ta kama mutane, aka miƙa mini abinci guda huɗu in raba wa mutum goma. Na ɗauki rabin tuffa, ƙafar Lee ta nufi inda Carley take zaune. Wallahi hanya ce kawai ta bi ta nan. Sai na ji gyaran murya a bayana. Nan take na yi kwana, na ba yara biyun da ke wurin, ragowar ma na raba wa maza ina ɗaga murya don a shaida.

A kashi na uku, a bakin titi cikin dare, gardama ta kaure kan wanda yake satar kaya yana ba 'yan fashi. Wata mai zafin kai, Lilly, ta zaro bindiga ta harbe Carley. Ko damar danna komai ba a ba ni ba. "Allah sarki," in ji uwargida, da irin muryar da ake yi wa kishiya jajen ɓatan ɗankunne.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ce da Doug na ceta, da babu wannan mutuwa, da kuma babu wannan shari'a. Don haka na koma farko a ɓoye, bayan kowa ya yi barci, wani daren ma da man janareta na biya don an ɗauke wuta. Na ceci Doug. Na lallaɓa shi, na ba shi haƙuri, na bi da shi har bakin titin nan. Lilly ta zaro bindigarta, wannan karon ta auna wani yaro Ben, Doug ya ture yaron, harsashi ya sami Doug. Wuri ɗaya, dare ɗaya, an dai canja gawa.

Da safe na kira ƙanina ina huci. Ya yi dariya har da tari. "Yaya, ai shi kansa Lee ɗin, ko ka yanke hannun da aka ciza ko ka bar shi, ba zai kai labari ba." Haka kawai ya ɓata mini ƙarshen gem ɗin, ko a jikinsa. Sannan ya yi mini lissafi: in kowane zaɓi zai raba labari gida biyu na dindindin, zaɓi goma kacal ya haifi hanya 1,024, kuma kowace sai an rubuta ta, an zana ta, an biya masu murya. Shi ya sa ake barinka ka ɗan yi yawo sannan a dawo da kai kan layi.

Na so in ce an cuce ni, amma ban iya ba. Tafiyar ba ɗaya ba ce. Carley ta san laifin da ya kai Lee kotu, ita ce take matsa masa ya faɗa wa mutane da bakinsa, kuma da Doug ba ka samun wannan. Gumin da na yi ma na gaske ne, haka kallon da ake yi mini a gida.

Ƙanina ya ce in dai sakamako nake nema, in sa The Witcher 3, na kamfanin CD Projekt Red, na 2015. Nan kai ne Geralt, maharbin dodanni, kuma akwai mata biyu masu tsafi da suke da tarihi da shi: Triss mai jan gashi da Yennefer mai baƙin gashi. Shi wannan gem ba ya gargaɗin kowa cewa za a tuna da komai. A tashar jiragen ruwa ta Novigrad na ce wa Triss ina sonta. Can a tsibiran Skellige, bayan mun gama fama da wani aljani, Yennefer ta tambaya, ita ma na ce ina sonta. Uwargida ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Na ce a wajenmu ai har huɗu an halatta, in dai za a yi adalci. Ba ta tanka ba.

Aka yi makonni ba abin da ya faru, har na fara tunanin na ci bulus. Rannan sai ga su su biyu tare, fuska a sake, suna gayyatar Geralt masaukin Kingfisher. Na dubi uwargida na ce, "Kin gani? Zaman lafiya." Muka je. Suka tarbe shi da fara'a, suka ɗaure masa hannuwa a jikin gado, suka yi ficewarsu. Sai da gari ya waye abokinsa Dandelion mawaƙi ya zo ya kwance shi, yana yi masa shaƙiyanci. Daga ranar ba Triss ba Yennefer, ba tsuntsu ba tarko.

Uwargida ta yi dariya har ta zamo daga kujera. Da ta samu numfashi ta ce, "Maigida, 'yan wace ƙasa ce suka yi wannan?"

Na ce Poland.

"Allah ya yi musu albarka. Mayar da shi baya, daga inda suka shigo. Tsaya in ɗauko wayata, ƙannena na WhatsApp ba su gani ba."