Sunkuyawar 'yan judo da karate: wa ake yi wa, kuma don me?

A zauren koyon judo ko karate, kafin a fara darasi ɗalibai sukan jeru bisa ga launin ɗamararsu, su sunkuya suna fuskantar gaban zaure, su sunkuya wa malami, sannan kowa ya sunkuya wa abokin da zai kara da shi. Wasu iyaye a wajenmu da sun ga haka sai su janye 'ya'yansu, domin a idonsu ruku'u ne ake yi wa wanin Allah. Damuwarsu tana da tushe, amma ina ganin bai dace a haɗa waɗannan sunkuyawa uku a yi musu hukunci ɗaya ba.

A Japan sunkuyawa gaisuwa ce ta yau da kullum, wadda ake yi wa maƙwabci da baƙo da mai sayayya a kanti. Da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, ya tace tsofaffin dabarun jujutsu, wato kokawar gargajiya ta Japan, ya fitar da judo, sai ya riƙe wannan gaisuwa a cikin tarbiyyar ɗalibansa. Gichin Funakoshi, mutumin Okinawa da ya kai karate Tokyo a 1922, shi ma farkon ƙa'idoji ashirin da ya bar wa almajiransa ita ce karate da ladabi yake farawa, da ladabi yake ƙarewa.

Wadda ta fi nauyi a wurina ita ce ta abokin karawa. A judo ana ɗaga mutum a maka shi da ƙasa, ana shaƙe shi da wuyan rigarsa, ana lanƙwasa masa gwiwar hannu har ta kusa gocewa, kuma wanda shaƙa ta kama da kyau yana iya suma cikin daƙiƙu kaɗan. Abin da ke kare shi daga mummunan rauni shi ne ya bubbuga tabarma ko jikin abokinsa, shi kuma ya sake shi nan take. Saboda haka idan biyu suka sunkuya wa juna kafin su kama, kowannensu yana damƙa wa ɗan'uwansa amanar jikinsa ne, wadda suke yi bayan karawa kuma tana shaida cewa faɗa ya ƙare, wanda aka kayar ba zai fita da gaba a ransa ba. Yaron da ake koya wa yadda ake shaƙe mutum yana bukatar wannan tunatarwa kullum.

Ta gaban zaure kuwa daban take. A wasu zaurukan Japan akwai ɗan wurin bauta na addinin Shinto a jikin bangon, a wasu kuma hoton wanda ya kafa wasan ne ko tuta. A nan Musulmi yana da hujjar ƙin yi, kuma ban ga dalilin da zai sa mai horarwa a Zariya ko Maraɗi ya nace a kanta ba.

Ko ta gaisuwar ma akwai magana. Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, amma ya yarda da musafaha. Don haka ɗalibin da ya ƙi sunkuyawa bai cancanci a kira shi mai girman kai ba. A lokacin atisaye musafaha tana iya ɗaukar wannan amanar, muddin malami ya bayyana abin da take nufi. A gasa ne lamarin yake da wuya, tunda dokar judo ta wajabta sunkuyawa a tsaye a farkon karawa da ƙarshenta.

Taekwondo na Koriya ma haka yake, kuma tun da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wannan wasa a gasar Olympics ta Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, maganar ta shigo gidajenmu. Abin da nake roƙon masu horarwa shi ne, ranar da uba ya kawo ɗansa rajista, su zaunar da shi su faɗa masa wace sunkuyawa ake yi a zaurensu, wa ake yi wa, da wadda za a iya ɗauke wa yaron.