Kaguwa 'yar uwar ƙwari ce, shi ya sa maganin feshi ke kashe ta

Na karanta wani rahoto kan yadda kaguwa ke mutuwa a bakin teku, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, kuma na ga marubucin ya tsallake tushen maganar. Kaguwa 'yar uwar ƙwari ce ta kusa, ƙoƙon jikinsu iri ɗaya ne, jijiyoyinsu ma haka. To, maganin da aka haɗa don ya kashe fara ko tsutsar gona ina zai san bambanci?

Irin su piya-piya suna toshe sinadarin da ke tsayar da saƙon jijiya, sai kaguwar ta kama karkarwa, ta kasa gudu, ta kasa haƙa rami, tsuntsu ya ɗauke ta cikin sauƙi. Wasu magungunan kuma ƙoƙon suke hana wa ginuwa. Kaguwa ba ta girma sai ta saɓe tsohon ƙoƙonta, nan kuwa take mutuwa, musamman ƙananan.

A 1975 gwamnatin jihar Virginia a Amurka ta hana kamun kifi a kogin James saboda gubar Kepone, wani maganin ƙwari, da wata masana'anta ta zubar. Guba ɗin nan ce aka yi ta zubawa a gonakin ayaba na Martinique da Guadeloupe, tsibiran Faransa a yankin Caribbean, daga 1972 zuwa 1993, har yau akwai gaɓar tekun da ba a yarda a kama kifi ba.

Mu nan kuma wasu masunta maganin ƙwari na Gamalin suke tuttulawa a ruwa da gangan, wallahi abin takaici, kuma ruwan Neja da Binuwai can Neja Delta yake ƙarewa.