Masu shiga gaban kyamara a filin tseren babur

Wallahi abin nan ya ishe ni. Duk yammacin Juma'a samarin ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, sukan fito da Boxer da Jincheng su yi tsere a tsohon filin ƙwallo, ni kuma in tsaya gefe da 'yar kyamarata. Ba sana'ata ba ce, so ne kawai.

Ɗaukar babur yana gudu ba irin hoton ango ba ne. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Sai ka zaɓi kwanar da suke rage wuta, ka durƙusa tun kafin su taho, ka riƙa bin babur ɗin da kyamara don shi ya fito tar, bayansa ya yi dishi-dishi. Ga ƙura tana hawa gilashin, kana ta gogewa.

To daidai lokacin da yaro ya kwantar da babur, gwiwarsa na neman taɓa ƙasa, sai wani ya faɗo gabanka da waya a sama. Makon jiya rabin hotunana ƙeyar mutane ce da huluna. Na ce wa ɗaya, "Malam, don Allah ɗan matsa." Ya juyo ya ce wai filin na ubana ne?

Abin da ya fi ci mini rai ma, har cikin hanyar suke shiga, ido na kan waya, ƙananan yara na biye da su, masu tseren kuwa ko hular kwano babu. Na roƙi shugaban samarin sau biyu a kafa turaku a ja igiya, har yau shiru.